Alhaji Ali Ciroma: Malamin Asibitin Karkara da Ya Ja Ragamar Ma'aikatan Nijeriya

(Jawabin da aka gabatar a gaban ɗalibai da ƙananan ma'aikata 'yan asalin Gwarzo da Kabo)



Muna godiya ƙwarai da wannan dama da kuka ba mu ta tsayawa a gabanku. Da aka nemi mu yi magana a kan ƙungiyoyin ƙwadago, sai muka ga cewa idan muka shiga lissafa dokoki da sunayen ƙungiyoyi, kafin mu kai rabi barci ya kwashe rabin zauren nan. Saboda haka muka ga ya fi kyau mu ɗauki mutum guda, mu bi sawunsa, mu ga abin da ya tsaya a kai da kuma abin da tsayuwar ta jawo masa. Mutumin kuwa shi ne Alhaji Ali Ciroma, shugaban Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya, watau NLC, daga 1984 zuwa 1988, wanda Allah ya yi wa rasuwa a Maiduguri ranar 2 ga Afrilu, 2024, cikin goman ƙarshe na watan azumi, yana da shekara 91 a duniya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Wataƙila wani a cikinku zai ce, me ya haɗa mutanen Gwarzo da Kabo da mutumin Borno? Abin da ya haɗa mu kuwa ba shi da wuyar gani. Da farko dai, aikin da ya fara yi aiki ne da kowannenmu ya sani, domin babu wanda ya tashi a Getso ko Kutama ko Garo ko Durun da bai taɓa tsayawa a gaban malamin asibiti ba. Na biyu, yaƙin da ya yi a kan kuɗin man fetur shi ne yaƙin kuɗin motar da muke biya daga Kabuga zuwa Gwarzo. Na uku kuma, ya taɓa shiga hannun hukuma saboda jinin ɗalibai irinku. Wanda ya yi wannan ya cancanci ɗalibai su san sunansa.

Mafarinsa

An haifi Ali Ciroma a Maiduguri a shekarar 1933, kuma ya kama aiki tun zamanin Turawan mulkin mallaka a matsayin ƙaramin ma'aikacin lafiya mai aiki a karkara. Ya kamata mu ɗan dakata a nan mu tuna abin da wannan aiki yake nufi a wancan lokaci. Likita a ƙasar Arewa abu ne da sai an yi tafiya mai nisa kafin a gan shi. Idan sanƙarau ya ɓarke da bazara, ko agana ta shiga gari, waɗanda ake turawa ƙauye su ne waɗannan ƙananan ma'aikata, su yi wa mutane lamba, su ware marasa lafiya, su kwana inda dare ya yi musu. Su ne suka fi kowa kusa da cuta, su ne kuma suke can ƙasa a takardar albashi.

A irin wannan makaranta Ali Ciroma ya koyi ƙwadago. Ya shiga ƙungiyar ma'aikatan lafiya na karkara, ya yi ta hawa sannu a hankali, har lokacin da aka haɗe ƙananan ƙungiyoyin asibiti wuri guda suka zama Ƙungiyar Ma'aikatan Asibiti da Lafiya ta Nijeriya, ya zama ɗaya daga cikin manyanta. Da ya hau kujerar shugabancin NLC ya riga ya haura shekara 50, ya kuma kwashe shekaru masu yawa yana karɓar albashi irin na mutanen da zai shugabanta. Wannan batu muna so ku riƙe shi, don za mu komo kansa.

Gadon da ya tarar

Ba a kansa aka fara gwagwarmayar ma'aikata a ƙasar nan ba. A 1945 ma'aikata, musamman na jirgin ƙasa, sun yi yajin aiki na fiye da kwana 40 suna neman ƙarin kuɗin tsadar rayuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sunan Michael Imoudu ya cika ƙasa a lokacin. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan Turawa suka harbe mahaƙan kwal 21 a Inugu. A nan Arewa kuwa, Malam Aminu Kano da abokansa sun kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, a zamanin da ma'aikacin En'e bai isa ya ɗaga kai ya dubi na gaba da shi ba, balle ya kai ƙara.

Amma duk tsawon waɗannan shekaru ƙungiyoyin a rarrabe suke, kowace da uwar ƙungiyarta, wasu na duban Rasha, wasu na duban Amurka da Ingila. Gwamnatin Janar Obasanjo ce ta yi musu garambawul, ta taƙaita su zuwa manyan ƙungiyoyi 42, sa'an nan aka kafa NLC a Ibadan cikin Fabrairun 1978, Hassan Sunmonu ya zama shugabanta na farko.

Mu Kanawa muna da rabonmu a wannan tarihi. Gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta jam'iyyar PRP ce ta ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu a Jihar Kano a 1980, kafin Gwamnatin Tarayya ta mai da ita hutun ƙasa baki ɗaya a 1981. A birnin Kano kuma NLC ta yi babban taronta a farkon 1981, inda aka sake zaɓen Sunmonu, Ali Ciroma kuwa yana cikin na hannun damansa. Cikin watan Mayun wannan shekara aka yi yajin aikin gama-gari, ma'aikata suka nemi Naira 300 a matsayin albashi mafi ƙanƙanta, aka daidaita da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari a kan Naira 125.

Shekara huɗu na shugabanci

An zaɓi Ali Ciroma a taron Inugu na 1984, makonni kaɗan bayan sojoji sun kifar da Jamhuriya ta Biyu. Ya karɓi ƙungiyar a mummunan lokaci. Kuɗin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, baitulmali ya bushe, jihohi da yawa sun tara bashin albashin malamai, masana'antu na rufewa don babu kuɗin shigo da kayan aiki, gwamnatin Janar Buhari kuma tana ta sallamar ma'aikata. Da Janar Babangida ya karɓi mulki cikin Agustan 1985 sai ya buɗe muhawara a kan ko Nijeriya ta karɓi bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, watau IMF. NLC na cikin waɗanda suka ce ba su yarda ba, akasarin 'yan ƙasa ma haka suka ce. Gwamnati ta ce ta ji, ba za ta karɓi bashin ba. Amma a 1986 sai ta ɓullo da shirin nan da aka sani da SAP, wanda ya ƙunshi kusan dukkan sharuɗɗan da aka ƙi: karya darajar Naira, janye tallafi, sayar da kamfanonin gwamnati, da tsuke bakin aljihu a kan ilmi da lafiya. A shekarar ce litar fetur ta tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi.

To, a nan ne shugaban ma'aikata yake da hanya biyu a gabansa. Yana iya cewa aikinsa albashi ne da alawus da fansho, abin da ya wuce wannan siyasa ce, babu ruwansa. Wannan hanya tana da sauƙi, mai binta kuwa ba ya rasa kujera a wurin walimar gwamnati. Ali Ciroma bai bi ta ba. Shi da abokan aikinsa sun ɗauka cewa duk abin da ya taɓa talaka ya taɓa ma'aikaci, ko da kuwa babu shi a takardar albashi. Abubuwa biyu za su nuna mana haka.

Na farko shi ne abin da ya faru a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Cikin Mayun 1986 ɗalibai suka yi zanga-zanga a kan matakan ladabtarwa da hukumar jami'ar ta ɗauka a kan shugabanninsu. Ranar 23 ga watan 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Samaru suka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum 4 ne suka mutu, ɗalibai suka ce adadin ya fi haka nesa. Wutar ta bazu zuwa sauran jami'o'i, aka rufe da yawa daga cikinsu. Ɗalibi dai ba ma'aikaci ba ne, ba ya biyan kuɗin ƙungiya, ba shi da ƙuri'a a taron NLC. Duk da haka NLC ta sa ranar 4 ga Yuni don ma'aikata su fito jerin gwano na nuna juyayi da goyon baya. Gwamnati ta ɗauki abin a matsayin ƙalubale ga ikonta, ta haramta taron, ta baza jami'an tsaro, aka kama Ali Ciroma da wasu shugabannin ƙungiyar aka tsare. Daga baya aka fito da doka da ta cire ƙungiyar malaman jami'a, watau ASUU, daga cikin NLC, aka kuma sa ƙafa aka take ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Wanda ya dubi waɗannan matakai zai gane abin da ya tsorata masu mulki: kada ɗalibi da malaminsa da lebura su zauna a tabarma guda.

Na biyu shi ne batun man fetur. A ƙarshen 1987 gwamnati ta shiga shelar cewa tana asara wajen tallafa wa mai, dole a janye tallafin. NLC ta fito da nata bayanin tana mai da martani, tana cewa bai dace a kwatanta kuɗin mai a Nijeriya da na wasu ƙasashe ba tare da an kwatanta albashin ma'aikatansu ba. Cikin Disamban wannan shekara aka sake kama Ali Ciroma da wasu manyan jami'an ƙungiyar, sai da ƙungiyoyi suka yi barazanar yajin aiki aka sake su.

Yadda bango ya tsage

Ba mu taru a nan don mu yi wa mamaci kirari kawai ba, domin kirari ba ya koya wa kowa kome. Gaskiya ita ce, jerin gwanon 4 ga Yuni bai yiwu yadda aka shirya ba, kuma ƙarshen shugabancin Ali Ciroma bai yi daɗi ba.

Tun daga taron Kano na 1981 akwai ɓangare biyu a cikin NLC: masu ra'ayin sauyi, waɗanda Sunmonu da Ciroma suke ciki, da kuma masu ganin a bi gwamnati a hankali. Da aka je taron Benin cikin Fabrairun 1988, sai ɓarakar ta fito fili. Ɓangare ɗaya ya sake zaɓen Ciroma, ɗayan kuma ya ware ya ce Takai Shamang na ƙungiyar ma'aikatan lantarki ne shugabansa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Kafin watan ya ƙare gwamnati ta rushe shugabannin NLC baki ɗaya, ta naɗa kantoma, Michael Ogunkoya, ya riƙe ƙungiyar. Ba a daɗe ba, cikin Afrilu, aka ƙara kuɗin fetur zuwa kwabo 42. Ɗaliban Jami'ar Jos suka fara bore, ma'aikata a garuruwa da dama suka bi bayansu, amma a wannan karon babu uwar ƙungiyar da za ta haɗa kansu. A shekarar ce kuma aka haramta ASUU, a lokacin da Dokta Attahiru Jega na Jami'ar Bayero yake shugabanta. Da aka mayar wa ma'aikata ƙungiyarsu cikin Disamban 1988, Paschal Bafyau ne ya zama shugaba.

Ana iya muhawara a kan rabon laifi. Wasu za su ce gwamnati ce ta hura wutar rikicin, wasu za su ce shugabannin ba su yi abin da ya kamata ba wajen jawo abokan hamayyarsu a jiki tun da wuri. Mu a ganinmu duka biyun akwai gaskiya a ciki. Gwamnatin da ta tsare mutum sau biyu ba ta karya ƙungiyarsa ba, sai ranar da 'yan ƙungiyar suka raba zauren taro biyu. Wannan darasi ne ga kowace ƙungiya, har da ƙungiyoyinmu na ɗalibai, inda sau da yawa rigimar kujerar ma'aji takan cinye shekara guda cur.

Abin da ya shafe mu

Yanzu bari mu komo gida. Ku dubi ƙaramin ma'aikaci a Gwarzo ko a Kabo: malamin firamare, malamin asibiti, malamin gona, duba-gari, akawu ko masinja a sakatariyar ƙaramar hukuma. Albashinsa a takarda nasa ne shi kaɗai, amma kowa ya san bakin da yake ci a cikinsa. A ciki ake sayen takin da tsoho zai zuba a gona, a ciki ake biyan kuɗin jarrabawar ƙane, a ciki ake sayen maganin gyatuma, da yawa daga cikinmu kuma da irin wannan albashi na wa ko kawu muka zo jami'a. Ranar da albashin ya makara, mai kanti ya sani, mai nama ya sani, mai sayar da hatsi a kasuwa ya sani. Ashe ke nan wanda ya tsaya wa albashin malamin firamare ya tsaya wa gida goma.

Haka kuma abin yake idan aka juya shi. Manomin Lakwaya ko na Godiya ba shi da ƙungiyar da za ta zauna da minista. Idan kuɗin mai ya tashi, kuɗin kai buhunsa kasuwa ya tashi, kuɗin man injin ban-ruwa ya tashi, kuɗin kai mai naƙuda asibitin Gwarzo ya tashi, amma babu wanda zai ƙara masa alawus. Ma'aikaci shi ne ɗan talakan da ya yi karatu, ya san doka, yake da ƙungiya, yake kuma da makamin yajin aiki. Idan ya yi amfani da wannan makami don cikinsa kaɗai, to ya ci amanar gidan da ya fito. Wannan shi ne abin da Ali Ciroma ya gane, muna kuma zaton shekarun da ya yi yana aiki a cikin mutanen karkara ne suka gane da shi.

Maganar ba ta tsufa ba. Naira 125 ta 1981 ta kai kimanin Dalar Amurka 200 a canjin wancan lokaci. Naira 70,000 da aka sa wa hannu cikin Yulin 2024, kusan wata huɗu bayan rasuwarsa, ba ta kai Dala 50 ba a canjin ranar. Tallafin man da aka tsare shi a kansa a 1987, Allah ya ja kwanansa har ya ga an sanar da janye shi ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Kowa a zauren nan ya ji abin a aljihunsa ranar da ya je tasha zai tafi gida hutu.

Saboda haka muna da roƙo guda uku gare ku.

Na ɗaya, ku shiga ƙungiya, ku kuma halarci taronta. Ana cire muku kuɗin ƙungiya daga albashi kowane wata, amma mutum nawa ne a cikinku ya taɓa karanta tsarin mulkin ƙungiyarsa, ko ya tambayi ma'aji inda kuɗin ya shiga? Ƙungiyar da 'ya'yanta ba sa zuwa taro, ta zama gonar mutum biyar.

Na biyu, idan za ku zaɓi shugaba, ku duba aikinsa kafin ku saurari bakinsa. Malamin da ba ya shiga aji ba zai iya tsayawa gaban sakataren ilmi ya nemi haƙƙin malamai ba, domin an riƙe masa wuya tun kafin ya buɗe baki. Ma'aikacin asibitin da yake karkatar da maganin gwamnati zuwa shagonsa, ranar da ya kira yajin aiki jama'ar gari ba za su tausaya masa ba. Mun ce ku riƙe batun shekarun da Ciroma ya yi yana aiki kafin ya zama shugaba. Ga dalilin nan. Wanda ya shiga ƙungiya don ya guje wa aiki, ko don ya mai da ita tsanin hawa kujerar siyasa, da farashinsa a goshi yake yawo.

Na uku, ku 'yan'uwanmu ɗalibai, kada ku manta cewa ba duka za ku tsaya a layin masu karɓar albashi ba. Wasunku za su zama daraktoci, wasu manyan sakatarori, wasu shugabannin ƙananan hukumomi, watau za ku koma ɗaya gefen teburin. Ranar da wakilan ma'aikata suka shigo ofishinku da takardar koke a kan ariyas ko ƙarin girma ko kuɗin sallamar wanda ya yi ritaya, ku tuna cewa a 1986 wani malamin asibiti ya shiga hannun hukuma saboda ɗaliban da bai haifa ba, bai ma san su ba. Ku ba su kujera su zauna, ku karanta takardar har ƙarshe.

Kammalawa

Jama'a, Ali Ciroma bai hana SAP ba, bai hana ƙarin kuɗin mai ba, kujerar tasa ma ƙwace ta aka yi. Idan da nasarar nan take ake auna mutum, da sai mu ce ya faɗi. Amma ya rayu shekara 36 bayan an rushe shugabancinsa, kuma da ya rasu, abin da ma'aikata suka tuna shi da shi shi ne waɗannan ranaku da ya ƙi sunkuyawa. Ya bar mana misalin cewa mutumin da ya fara daga ƙasan takardar albashi yana iya duban gwamnatin soja ya ce mata a'a, ya kuma biya kuɗin wannan kalma da kansa.

A garuruwanmu ma akwai irinsa, ko da jarida ba ta taɓa buga sunansu ba: tsofaffin malamai da ma'aikatan asibiti da suka yi shekara 35 suna aiki, suka riƙe reshen ƙungiya ba su ci kwabo ba, yau suna zaune a ƙofar gida suna jiran fansho. Muna ba da shawara ga wannan ƙungiya tamu, idan an tafi hutu, kowane ɗalibi ya nemi ɗaya daga cikinsu a garinsu, ya gaishe shi, ya zauna da takarda da alƙalami ya rubuta abin da ya gani a zamaninsa, a kawo a buga a wannan mujalla tun suna da rai.

Allah ya gafarta wa Alhaji Ali Ciroma, ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu da suka riga mu, mu kuma ya ba mu ikon riƙon amana.